Wai wariya ciwon Turawa ce kaɗai?

Nura: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yaya Garba, jiya a teburin mai shayi ka yi wata magana, hayaniyar 'yan ƙwallo ta hana ni ba ka amsa. Ka ce wariya ciwon Turawa ce, mu nan Jigawa ba mu san ta ba. Da maganar na kwana.

Garba Tela: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ban janye ba. Wariyar launin fata ai sai inda launi ya bambanta. Mu nan wane ne fari? Sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, kwano ɗaya muke sa hannu. Shiga birnin Kano ka ƙirga unguwanni: Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa. Duk baƙi ne suka zo, yau jikokinsu Kanawa ne ba mai tankawa. A fadar Kano har bayi sun riƙe sarauta, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, hakimai na shakkarsu. A Amurka ta wancan zamani ka taɓa jin bawa ya zama na hannun daman shugaba? Kun je jami'a kun kwaso kukan wasu kuna son ku jingina mana.

Nura: Abin da ka lissafa gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Inda muka rabu shi ne, kai kana ɗaukar wariya a matsayin ƙiyayyar zuciya: wane ya tsani wane. Wadda nake nufi ba ta buƙatar kowa ya tsani kowa. An gina ta cikin doka da ofis da takarda, ko wa aka ɗora kan kujera haka za ta ci gaba da aiki.

Ga misali. A Amurka an haramta bauta a 1865. Amma a shekarun 1930 wata hukumar gwamnati ta zana taswirar birane, unguwannin da baƙaƙe suka fi yawa ta shafa musu jan launi, alamar ba da bashin gida a nan kasada ce. Bankuna suka bi. Bature ya ci bashi ya sayi gida, gidan ya yi daraja, ya bar wa 'ya'ya gado. Baƙar fata ya ƙare a haya. Sai 1968 aka yi dokar hana wariya a harkar gidaje. Ma'aikacin banki na yau yana iya zama mutumin kirki, amma in ya ce kawo jingina, wa ke da ita? Kamar a raba gonakin fadama ne a hana kakanka, bayan shekara 50 a ce to yanzu kowa daidai yake, a yi gasar noman shinkafa.

Malam Sabi'u: A nan Nura ya yi daidai. Afirka ta Kudu ma da ƙasa aka fara, ba da zagi ba. Dokar 1913 ta ware wa baƙaƙe kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu, tun kafin a kafa mulkin wariya a hukumance a 1948. Kuma kada mu yi nisa. A Kano ɗin da Garba ke yabo, Turawa sun ware wa kansu unguwa, suka kafa ƙa'ida a bar fili na yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai gudun sauro. Suka kuma yi Sabon Gari domin baƙin Kudu, daban da birni. Katangar da suka ja tsakanin ɗan gari da baƙo har yau ba ta gama rushewa ba.

Garba Tela: To Malam ai kun dawo kan maganata. Duk wanda kuka ambata Bature ne ya yi.

Hauwa'u: Yaya Garba, Bature ne ya hana Isiyaku takarda a watan jiya?

Garba Tela: Wace takarda kuma?

Isiyaku: Tunda Anti Hauwa'u ta ambace ni, bari in faɗa da bakina. Takardar indijin na je nema, zan cike neman aikin ɗan sanda. Kun san a garin nan aka yanke mini cibiya. Mahaifina ya zo daga ƙasar Igbira da injin niƙa tun ana cikin jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Nan ya yi aure, nan aka binne shi, da yawanku kun sallaci gawarsa. Na je ofis, mutumin ya karɓe ni da fara'a, har ruwa ya ba ni. Ya duba sunan kakana, ya ce in je garin ubana. Na je can, kuɗin mota na aro. Suka ce ba su san ni ba, ko yarensu ba na ji, in koma inda aka haife ni. Kafin in dawo an rufe ɗaukar.

Babu wanda ya zage ni. Da ma zagina aka yi aka ba ni takardar, da ya fi mini.

Kawu Idi: Subhanallahi. Yaron da garin nan kaf ya ci tuwon da injin ubansa ya niƙa.

Malam Sabi'u: Abin da ya sami Isiyaku bai yi daɗi ba, amma a nan zan rabu da Nura, kada a haɗa komai a tukunya ɗaya. Takardar indijin ba don ƙin wani aka ƙirƙiro ta ba. Tsarin mulkin 1999, sashe na 14, ya ce a raba muƙaman gwamnati yadda kowane yanki zai ga nasa a ciki. Shekara 22 ina koyarwa a firamare. Na san yaron da ke zaune a ƙasa, su fiye da ɗari a aji ɗaya, ya tafi kiwo da safe ya zo makaranta da rana tsaka. In ka cire takardar nan ka ce ya yi takara da ɗan Legas ko ɗan Abuja da ya yi makarantar kuɗi, ko gurbi ɗaya ba za mu ƙara gani ba. Wannan kariya ce ga mai rauni, jan layin Amurka kuwa danne mai rauni ne.

Nura: Allah ya gafarta Malam, na yarda da dalilin kafa ta. Amma Isiyaku a wane aji ya zauna? Ba a gabanka ya zauna a ƙasan ba? Duk raunin da ake son karewa yana da shi. Abin da ya rasa jini ne kawai. Kuma tsarin mulkin da ka ambata, sashe na 42 ya ce ba za a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa ko asalin garinsa ko yanayin haihuwarsa ba. Ban ce a yaga takardar ba. Cewa na yi a auna ta da haihuwa da zama, ba da kabarin kaka ba.

Malam Sabi'u: In an buɗe wannan ƙofa, masu kuɗi za su fara shigowa, su kama hayar ɗaki ɗaya su ce mazauna ne. Amma na ji. Isiyaku ɗalibina ne, ba zan ce ba ɗan garin nan ba ne.

Kawu Idi: Ku bar ni in sa baki, ni da na ga abin da idona. Shekara 9 na yi a Jidda ina tuƙi. Takari suke ce mana. Yaro ƙarami zai kira ka da kalmar da ke nufin bawa, ubansa na tsaye bai ce kanzil ba. Kuma ba duka ba, na zauna da Larabawan da suka riƙe ni kamar ɗan'uwa. Amma albashi fa? Aiki ɗaya, mota iri ɗaya, kuɗi ya danganta da fasfon da ka riƙe. Can aka haramta bauta a 1962, kalmar ba ta bar baki ba. Saboda haka Garba, cire Bature daga maganar, Musulmi ma suna yi. Abin da ya fi ba ni kunya, da na dawo gida na ji bakina yana faɗin irinta a kan wasu.

Hauwa'u: Yauwa Kawu, nan nake son a zo, don maza kun tsaya a ofis. Mu mata mun san inda abin yake kwana: wajen binciken aure. Kowa a zauren nan ya san gidajen da ake cewa "ai su 'yan rinji ne", wato jikokin bayi. Ba a faɗa a fili, sai a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Yaro ya yi karatu, yana da sana'a, ba ya shaye-shaye, liman ma ya shaide shi. Sai wata gwaggo ta ce a bincika tushe. Kwana biyu a mayar da kayan na-gani-ina-so, a ce an yi istihara ba ta yi ba. Haka ake yi wa ɗan mahauta, haka ake yi wa ɗan wanzamai. Naman muna ci, kaciyar 'ya'yanmu su ke yi, amma jininsu bai isa ya haɗu da namu ba.

Turawa sun shelanta cewa duk ɗan da aka haifa daga 1901 ɗa ne, ba bawa ba, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Yau kusan shekara 90. Babu dokar da ta rage, babu ofis, amma rajistar tana nan a kan tsofaffinmu, ba ta taɓa ɓata ba. Ku dubi kuma wa ke da gonakin bakin rafi, wa ke da na jigawa mai yashi. Ba sai na kira suna ba.

Wani abin kuma, tunda an ce ba mu san launi ba: a asibiti nake aiki, ina ganin fatar 'yan matan da man bilicin ya ƙone. Ba don Bature suke shafawa ba. Don samarin garin nan ne masu cewa a samo musu fara ko mayya ce.

Garba Tela: Kai Hauwa'u, wannan ai wasa ne ake yi.

Hauwa'u: Zo ka ga wasan a fuskar yarinya 'yar shekara 16.

Ustaz Bashir: Bismillah. Garba ya kafa hujja da sahun salla, to bari a cika masa. Addini ya hana, wannan ba gardama: aya ta 13 a Suratul Hujurati ta ce an yi mu dangogi da ƙabilu ne don mu san juna, mafi daraja shi ne mafi taƙawa. Amma hani ba shaida ba ce cewa ba a aikatawa. Abu Zarri, sahabi guda, ya gori wani mutum da uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. In ta saura a jikin sahabi, mu su wa? Kan aure kuwa, Annabi (SAW) da kansa ya umarci Fatima 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usama ɗan Zaidu, wanda ubansa 'yantaccen bawa ne. Mazhabar Malikiyya da muke bi, dacewar aure a addini da lafiya daga aibu take dubawa, ba ta sa sana'ar kaka a ma'auni ba. Mu malamai ma da laifinmu. Mun fi son wa'azin da ba zai taɓa masu ba mu zakka ba.

Jaɓɓo: Ni dai ina karantawa ina dariya. Sai yau kuka gano? In an sace akuya a garin nan, rugarmu ake fara zuwa. A shingen hanya, motar kasuwar Maigatari, mutum 12 a ciki, ni kaɗai ake saukewa saboda sanda da rawani. Burtalin da kakana ya bi an nome shi, in saniya ta taka kuma mu ne masu laifi. Ban ce babu ɓata-gari a cikinmu ba, akwai, mu suka fara cinyewa ma. Amma Garba in Bahaushe ya yi sata sunansa ake kira, in namu ya yi sai a ce Fulani.

Garba Tela: Jaɓɓo kai ma ka san kuna kiranmu Haɓe, kuma ba yabo ba ne. 'Yarku kuke ba mu?

Jaɓɓo: Ba ma bayarwa. Ban ce hannunmu a wanke yake ba.

Garba Tela: To kun gani. Ni har yanzu ina nan kan cewa wannan ƙabilanci ne da al'ada, ba irin na Amurka ba inda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd a 2020 har ya mutu ana kallo. Kada a haɗa zazzaɓi da kuturta.

Nura: Ba girmansu ɗaya ba, na sallama maka wannan. Kira shi duk sunan da ka ga dama, in dai za ka zo mu taɓa shi. Kuma ba sai mun jira manya ba. A 1960 ɗalibai huɗu ne kacal suka zauna a kantin cin abincin da aka hana baƙaƙe a garin Greensboro na Amurka, suka ƙi tashi. Masu zanga-zangar Soweto ta Afirka ta Kudu a 1976 'yan makaranta ne. Nan gida mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, lokacin da talaka ba ya ɗaga ido gaban hakimi, kuma 'ya'yan wannan gidan siyasa ne suka soke haraji da jangali a 1979 zamanin Abubakar Rimi. Mu ba a ce mu tari bindiga ba. Isiyaku ya koma, amma ba shi kaɗai ba: mu goma mu raka shi wurin dagaci da takardar haihuwarsa da rajistar firamare, a rubuta wasiƙa, mu sa hannu, mu ajiye kwafi. In an ƙi, a ƙi a rubuce. Ustaz kuma ya ɗauki maganar asali a karatun magariba.

Malam Sabi'u: Rajistar tana ofishina. Zan kawo da kaina.

Ustaz Bashir: Zan yi, amma ku zo ku zauna a gaba. Kada ku tura ni ku ɓuya bayan ginshiƙi.

Garba Tela: Rakiya dai zan yi, uban Isiyaku ya sha yi mana niƙa bashi. Da sunana za a fara sa hannu.

Hauwa'u: Madalla. Saura ɗaya, Yaya Garba. Ƙanwarka Zinatu ta isa aure. In ɗan gidan Sarkin Fawa ya aiko, me za ka ce?

Garba Tela: Wannan maganar manya ce, ba ni ke bayarwa ba.

Hauwa'u: Baffanku ya rasu, kai ne waliyyi.

Garba Tela: Cajina ya kusa ƙarewa. Nura, Litinin ƙarfe nawa?

Nura: Tara, a ƙofar makaranta. Mai babur ya zo da mansa.