Takun Baba a Bakin Ƙofa

Mai Ƙirga Kwana:
Yau shekara 14 rabona da kwalba. Ga nawa baitin, wanda ya taɓa shi ya amsa.

Na iya karatun taku tun ban iya baƙi ba,
Takun Baba a ƙofa bai taɓa ruɗa ni ba,
In ya ja takalmi, daren nan ba barci ba,
Mu laɓe bayan Inna muna jin warin giya.

Na rantse ina yaro ba zan kusance ta ba,
Ina sha bakwai na sha, ban ko ji kunya ba,
Shekara tara ta cinye, ban ga wucewarsu ba,
Sai ran da na ji takuna ya koma nasa a tafiya.

Uwar Biyu:
Yayana, barka da sha huɗu, shan da babu maye,
Ni ko kurɓa ban yi ba, amma tsoron na biye,
In an buga ƙofa da ƙarfi sai ka gan ni tsaye,
Tamu uwa ce ke sha, da ranta na zam marainiya.

Na ɓoye kwalabe, na zubar, na ƙara ruwa,
Na ce wa baƙi zazzaɓi ne ya kwantar da uwa,
Har yau in an tambaye ni mene ne damuwa,
Bakina ya riga ni, ya ce musu lafiya.

Malamin Jinya:
Masu binciken tagwaye sun auna sun faɗa,
Kusan rabin haɗarin cikin jini ake gada,
Sauran na zaman duniya da abin da aka gani gida,
Jini na ba da ƙishi, hannu ke ɗaukar giya.

Ku yi haƙuri in sauka daga waƙa. Wanda jikinsa ya saba da sha kullum, kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai. Rawar hannu da gumi kan fara cikin sa'o'i, jijjiga kan iya zuwa cikin kwana biyun farko, ruɗewar hankali kan biyo bayan kwana biyu ko uku, kuma suna kisa. A daina a hannun likita.

Dattijon Zaure:
Ɗana, ni shekara 31 rabona da ita. A 1935 mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka haɗu a Akron ta Amurka, daga nan Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu neman daina shan giya, ta fito. Ke kuma 'yata, Al-Anon an kafa ta a 1951 saboda irinki, iyalan mai sha.

Ban yi alkawarin shekara ba, na yau na ɗauka,
Gobe in ta waye, nata nauyin in ɗauka,
Ka yafe wa mahaifinka, kayan nan ka sauke su ka huta, ɗana, ka bar kuka,
Ciwo ne ya kama shi, ba shi ya zaɓi wuya.

Mai Ƙirga Kwana:
Baba, layi na uku na baitinka ya yi tsawo, kamar yafiyar da kake nema.

Hanta ta kai shi ƙasa ban ce na yafe ba,
Na gane ciwon nasa, don ban tsira da shi ba,
Wata rana ina tausayi, wata ban iya ba,
Kada a matsa min, ina kan hanya, ban juya.

Jiya na dawo da dare, ban ko yi sallama ba,
'Yata ta ji takuna, ba ta nemi maɓoya ba,
Ta sheƙo da gudu, takalmi ɗaya ba ta sa ba,
Na tsaya riƙe da ƙofa, na kasa shiga, Yaya.

Uwar Biyu:
Yanzu kuma ni ce Yaya? To shiga, ƙanena, yarinya na jira.