Hayaƙin wutar daji ya dame mu: wane takunkumi ne yake kare huhu?

Manomin fadama, Auyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda hunturu ya shigo, kusan kullum da yamma hayaƙi ke lulluɓe mana gari. Mafarauta na cinna wa daji wuta, wasu kuma na ƙona ciyawar kachala da karan shinkafa don gyaran gonar rani. Mahaifinmu yana da fuka, yara kuma sai tari. Takunkumin da muka saba sawa lokacin korona zai yi? Ko a jiƙa rawani a rufe hanci da shi?

Ma'aikacin lafiya, Haɗeja:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba Baba lafiya. Tokar da kake gani tana sauka a riga ba ita ce babbar matsala ba, hanci da maƙogwaro suna tare yawancinta. Masu illar wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake kira PM2.5, silin gashin kai ya fi su kauri kusan sau 30. Su ne ke wucewa can cikin huhu, su tayar da fuka, su wahalar da mai ciwon zuciya.

Ƙyallen atamfa da amawali saƙarsu ta yi faɗi, ƙwayoyin ratsawa suke yi. Jiƙawa sanyi kawai take ƙarawa. Shuɗin takunkumin asibiti kuwa baya kama fuska, hayaƙi ta gefen kunci yake shiga. Wanda za ka nema a kemis shi ne N95, yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyin. Idan babu, KN95 na China ko FFP2 na Turai za su yi. Ka duba jikinsa: N95 na gaskiya yana ɗauke da sunan NIOSH, hukumar Amurka da ke tantance shi, da lambar da ta fara da TC-84A, kuma igiyoyinsa biyu kai suke zagayawa. In ka ga an rubuta NIOSH amma a kunne ake maƙala shi, ajiye musu kayansu. KN95 ne aka saba yi da igiyar kunne, rubutunsa GB2626.

Mai koyar da kariya a wurin aiki, Wudil:
Malam ya yi bayani, amma inda aka fi yin asara shi ne wajen sawa. Igiyar ƙasa ta zauna a ƙeya, ƙasan kunnuwa, ta sama kuma a tsakiyar kai, kada su sarƙe. Ɗan ƙarfen hanci da yatsun hannu biyu ake lanƙwasa shi, daga sama zuwa gefe. In ka matse shi da hannu ɗaya zai yi tsini a tsakiya, nan hayaƙi zai bi. Daga nan ka dafa tafukanka a kai, ka fitar da numfashi da ƙarfi. In ka ji iska a idanu ko a kunci, bai zauna ba, sake gyarawa.

Sai maganar gemu, wadda ba a son faɗa amma gaskiya ce: gashi yana hana bakin takunkumin manne wa fata. Ba cewa nake kowa ya aske ba. Mai gemu ya sa, zai rage wani abu, amma kada ya ɗauka ya tsira, ya taƙaita zama cikin hayaƙin.

Kada a wanke shi. Ruwa da sabulu suna kashe ƙarfin da zarensa ke jawo ƙura da shi, sai ya koma ƙyalle. A rataye shi ya sha iska, ba a cikin leda ba. Da ya jiƙe, ya yi baƙi, igiya ta saki ko numfashi ya fara nauyi, a jefar.

Unguwarzoma, Ringim:
Ɗan'uwa, ina roƙon a kula da abu biyu. N95 ƙwayoyi yake tarewa, baya tare iskar guba irin kabon monoksaid, wadda ke kashe mutane a ɗakin da aka kunna janareta. Don haka kada wani ya sa shi ya kutsa kusa da wuta. Ciwon kai da jiri alama ce ta a bar wurin nan take.

Na biyu, yara. Ɗan ƙasa da shekara 2 ba a rufe masa fuska sam, na manya kuma baya kama fuskar ƙaramin yaro. Kariyarsu ɗaki ce: a rufe taga da ƙofar ɓangaren da iska ke kaɗowa, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a dakata da turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi, kada kuma a shigo da garwashi don jin ɗumi. In hayaƙi ya lafa a buɗe.

Baba ya fara gwada takunkumin a zaune a gida, maganin fukarsa na shaƙa, wato Ventolin, yana aljihu. In ya ji ya takura, ya cire. In ya shaƙi maganin bai ji sauƙi ba, ko ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓensa ya canza launi, a kai shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.