Neman ƙarin bayani a kan "affect" da "effect"

Assalamu alaikum. Ina roƙon malamai masana Turanci su taimaka mini da bayani a kan "affect" da "effect", kalmomin da harafin farko kaɗai ya raba su a rubuce, a baki kuwa da ƙyar ake jin bambancinsu.

Ƙa'idar da nake koya wa ɗalibaina masu shirin jarrabawar WAEC ita ce "affect" aikatau ce mai ma'anar shafar abu, kamar a ce fari ya shafi amfanin gona, "effect" kuma suna ce mai nufin sakamako ko tasiri. Sai dai a takardun ofis ana yawan rubuta "to effect payment" ko "to effect changes", inda kalmar ta koma aikatau. Ƙamus ya ce a nan tana nufin zartarwa, kuma na gamsu da hakan a batun biyan kuɗi. Inda na tsaya cak shi ne batun canji: idan hukuma ta kawo sabon tsari, ta yaya ɗalibi zai tantance ko tsarin ne ya haifar da canjin ("effect changes"), ko kuwa ya shafi canjin da ake kan yi ("affect changes"), alhali jimlolin biyu duka daidai suke a nahawu?

Haka kuma masana halayyar ɗan'adam suna amfani da "affect" a matsayin suna mai nufin yanayin motsin rai. Shin ya dace in ambata wa ɗaliban sakandare wannan, ko rikita su kawai zai yi? Allah ya saka da alheri.