Neman shawara: ina son zaga Banaras da Bodh Gaya da jakar goyo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a wata jami'a kusa da Delhi a Indiya, ina karatun harhaɗa magunguna. Hutun Disamba ya ƙarato, kuɗin jirgin zuwa gida kuwa babu su. Shi ne nake so in saɓa jakar goyo in bi jirgin ƙasa in ga Banaras da Sarnath da Bodh Gaya, in da hali in leƙa Lumbini a Nefal, inda aka haifi Buddha, wanda ya kafa addinin Buddha, in biyo ta Haridwar da Rishikesh. Garuruwan ibada ne na mabiya Hindu da Buddha, amma ni ba ibada za ta kai ni ba. Yawancin abokan karatuna mabiya addinin Hindu ne, kullum garuruwan nan suna bakinsu, ina so in san mutanen da nake zaune a cikinsu. Damuwata abinci da salla, da yadda zan kama kaina kada in taka abin da addinina ya hana, kada kuma in ɓata wa masu wuri rai. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Abban Hanifa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Na yi karatu a Banaras, kuma ina ganin ka je. Amma ka haɗa tafiya biyu a jaka ɗaya. Haridwar da Rishikesh suna arewa da Delhi, Banaras da Bodh Gaya suna gabas can da nisa. Ɗauki gabas a wannan hutun.

Salla ba matsala ba ce a Banaras. Musulmi suna da yawa, su ne ma akasarin masaƙan sari, zanen matan Indiya, da garin ya yi suna a kai. Ka nemi unguwar Madanpura, akwai masallatai da gidajen abinci na halal. Bayan asuba ka sauka bakin kogin Ganga ka bi matakalan da suke kira gat da ƙafa. Za ka ga tsoho a ruwa iya ƙugu cikin wannan sanyi yana ɗebo ruwa da tafin hannu yana fuskantar rana, gefensa mai wanki yana buga kaya a kan dutse, yaro yana tallan 'yan kwanukan ganye da fure da fitila a ciki. A matakalan Manikarnika ake ƙona gawa dare da rana. Idan ka iso nan, waya ta koma aljihu. Makoki ne ake yi, dangin mamaci suna tsaye. Wani zai iya tare ka ya ce ka ba da kuɗin itacen ƙona gawar talaka. Ka ce a'a cikin ladabi ka wuce.

Wajen haikalin Kashi Vishwanath kuwa kada ka daɗe. Masallacin Gyanvapi yana manne da shi, shari'a tana kotu a kan filin, jami'an tsaro sun cika wurin. Ko an ja ka da zancen, kada ka tofa.

Malam Ɗanjuma: Ɗana, ni da za ka ji tawa, kallo daga nesa ya ishe ka. Kada ka bari a shafa maka jan abu a goshi ko a ɗaura maka zare a hannu. Abin zaƙin da ake rabawa a ƙofar haikali, prasad, an fara miƙa shi ga abin bautarsu ne, kada ka ci. Ka ɗora hannu a ƙirji ka yi godiya, ba sai ka ɗaure fuska ba. Batun shiga ciki kuwa malamai sun yi magana a kai, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa kafin ka tashi. Nisan ya kai a yi ƙasaru.

Maman Walid: Ni jinya ce ta kai ni Indiya, amma na san wahalar masauki. Doka ta ce duk masaukin da ya sauki baƙon ƙasar waje sai ya cike masa fom ɗin sanar da hukuma zuwansa, ƙananan wurare da yawa ba sa so, sai su ce ba ɗaki. Ka kira ka gaya musu ƙasarka kafin ka biya. Fasfo da biza da takardar rajistarka ta FRRO, ofishin rajistar baƙin ƙasar waje, su kasance a jikinka. Ruwan gora kawai za ka sha. Kuma in za ka sayi lassi, kindirmon nan nasu da ake kaɗawa, ka tabbata ba mai bhang ba ne, ganyen wiwi ake sa masa.

Sadiku na Pune: Yaya, cire Lumbini. Nefal ba ta ba mai fasfon Najeriya biza a bakin iyaka, sai ka nema a ofishin jakadancinsu tukuna, sannan ka duba ko bizarka ta Indiya ta yarda ka fita ka dawo.

Jirgin ƙasa ana buɗe tikitinsa kwana 60 kafin tafiya, ka kama yanzu. Hazon Disamba da Janairu yana jinkirta jirage sa'o'i da yawa, kada ka jera tikiti biyu kusa da juna. Ɗauki 3AC, taragon kwana mai na'urar sanyaya iska, ana ba da bargo. A Sleeper, taragon kwana marar na'urar, babu, sanyi zai ci ƙaniyarka. Gadon sama ya fi.

Abban Hanifa: Na manta Sarnath. Kamar kilomita 10 ne daga Banaras, nan Buddha ya yi wa'azinsa na farko, kuma a gidan tarihin wurin aka ajiye zakunan dutse na Sarki Ashoka, waɗanda kake gani a jikin kuɗin rupi. Ana rufe shi ranar Juma'a. Bodh Gaya kuma a tashar Gaya za ka sauka ka hau a-daidaita. Tun bayan bama-baman 2013 ba a shiga harabar Mahabodhi, babban haikalin Buddha na garin, da waya, akwai wurin ajiya a ƙofa. Disamba lokacin cikowar masu ziyara ne daga Tibet da Tailan da Siri Lanka, masauki yana tsada.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Malam na ji kuma zan kiyaye. Na cire Lumbini, Haridwar sai wani hutun. Yaya Abban Hanifa, a Madanpura zan nemi ɗaki ko kusa da kogi?

Abban Hanifa: Duk ɗaya ne, Madanpura ba ta da nisa da kogin, da ƙafa za ka sauka. Ka dai nemi ɗakin da tagarsa ke da ragar ƙarfe, birai suna shiga su kwashe abinci.