Ƙudajen da na fi ba yis sun fi saurin mutuwa, ko kuskure na yi?

'Yar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum. Don Allah masu aiki da ƙudan Drosophila ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Ina shekarar ƙarshe a sashen nazarin halittu, aikin kammalawata kuma a kan 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan ne masu jan ido, waɗanda ke taruwa a kan ɓawon ayaba da ruɓaɓɓen mangwaro. Na raba su gida biyu, kwalba goma-goma, kowace kwalba mata ashirin. Abinci iri ɗaya na dafa musu: garin masara, sukari, aga (sinadarin da ke daskarar da abincin) da maganin funfuna. Yis ne kawai ya bambanta, gida ɗaya na ninka musu shi sau biyu.

Ni a zatona masu yis da yawan nan su ne 'yan gata, su za su daɗe. Da farko ma haka ya nuna. In na ɗaga kwalbarsu a hasken taga sai in ga saman abincin ya yi fari da ƙwai, cikin kowace ya cika tim. Amma tun da muka shiga mako na biyar, duk ranar da na zo canza kwalba sai in tarar da gawawwaki a ƙasa, ƙafafu a naɗe, alhali na ɗaya gidan suna ta hawa bangon kwalba garau. Jiya ina tsince su da burushi ina ƙirgawa, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Saura wata biyu in miƙa aikin. Yis ɗin ne ya lalace? In sake daga farko?

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki zubar da ko kwalba ɗaya. Abin da kika gani shi ne sakamakon, kuma manyan masana sun gan shi kafin ke.

Tun 1935 Clive McCay ya nuna a Jami'ar Cornell ta Amurka cewa ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi daɗewa. An yi shekaru ana ɗauka yawan kalori, wato ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, ne sirrin. Ƙuda ne ya zo ya gyara zancen. A 2005 ɗakin gwajin Linda Partridge da ke Landan ya rage wa wasu ƙudaje sukari, wasu kuma yis. Rage sukari bai ƙara wani abin a zo a gani ba, rage yis kuwa ya tsawaita rayuwa sosai, duk da kalorin da aka cire kusan ɗaya ne. Yis shi ne naman ƙuda, daga nan take samun furotin.

A 2008 Kwang Pum Lee da Stephen Simpson da abokan aikinsu suka gwada abinci iri 28. Matan ƙudaje sun fi daɗewa idan furotin kashi 1 ne, sukari 16. Sun fi zuba ƙwai a kullum idan 1 ne da 2. In kuma aka tara ƙwan da mace ta yi tsawon rayuwarta, 1 da 4 ya fi. Abin da ya fi burge ni, da aka bar su su zaɓa da kansu, wajen 1 da 4 suka nufa. Wato ita ƙudar zuriya ta sa a gaba, ba yawan kwana ba. To kin ga farin ƙwan da kika gani a taga da gawawwakin da kike tsincewa, tushensu ɗaya.

Shawara ɗaya: in kina da sauran ƙudaje a kwalaben yis mai yawa, ki ɗebi rabinsu ki mayar kan abinci mai ƙarancin yis. A 2003 William Mair ya yi haka a ɗakin Partridge, cikin kwana biyu yawan mutuwarsu ya sauko daidai da na waɗanda tun tashinsu a kan ƙaramin abinci suke. Ko a yanzu za ki iya gani da idonki.

Mai Digiri na Biyu:
Malam ya gama magana, ni dai in ƙara abin da ya taɓa ɓata min aiki. Ƙanwata, a wane zafi kike ajiye su? Digiri 25 na ma'aunin Celsius ake so. Ni a watan Afrilu wuta ta ɗauke kwana uku, ɗakin ya koma kamar tanda, na rasa kusan rabin ƙudajena, kuma kwalaben da ke kusa da taga suka fi mutuwa. Da ban lura ba da na ɗora wa abinci laifi. Ki riƙa juya wuraren kwalaben, ki canza abinci duk bayan kwana biyu ko uku. Kwalbar yis mai yawa tsutsa ke cika ta, abincin ya narke ya yi danƙo, ƙuda ta manne ta mutu. Irin wannan mutuwar ki rubuta ta daban. Sannan maza: saduwa da yawa tana rage kwanan mace, saboda sinadaran da ke cikin ruwan namiji. Kin tabbata babu namiji ko ɗaya da ya saje a ciki?

Kuma ki raba kwalaben gida biyun da ɗan nisa. A 2007 an nuna cewa ƙanshin yis kaɗai, ba tare da ci ba, yana rage wa masu ƙarancin abinci wani ɓangare na kwanakin da suka samu.

Baban Khalifa:
Ni ba ɗan kimiyya ba ne, kaji nake kiwo, amma na karanta har ƙarshe. Malam, kenan mu ma mu rage nama da wake in muna son tsawon rai?

Tsohon Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
A'a Alhaji, kada a yi saurin kai wa nan. Ko a ƙudan, in aka rage yis ya wuce kima yunwa ce ke kashe su da wuri. Kuma a 2009 an gano matsalar ta daidaiton sinadaran amino ce, wato tubalan da ke haɗa furotin: da aka ƙara wa masu ƙarancin abinci guda ɗaya tak mai suna metiyonin, ƙwansu ya dawo, kwanansu bai ragu ba. Birai ma da aka gwada a Amurka, binciken Wisconsin na 2009 ya ga amfani, wani na 2012 bai ga ƙarin tsawon rai ba. A wajenmu kuwa yara da yawa ƙarancin furotin ne ke kwantar da su, don haka kada a hana yaro ƙwai da wake saboda ƙuda.

'Yar Aji Huɗu:
Allah ya saka da alheri, Malam, jiya na yi barci. Yaya, da safe na sa ƙudajen a ƙanƙara don su daina motsi, na duba ɗaya bayan ɗaya, na samu namiji guda a kwalba ta bakwai, ga baƙin gindinsa nan ƙarara. Na ware kwalbar. Ragowar masu yis da yawa na raba su biyu kamar yadda Malam ya ce, na kuma fara ƙirga ƙwai, abin da ban yi ba tun farko. Ranar Alhamis zan sake canza musu abinci, in sha Allahu zan zo da adadin.