Tambaya: yawan ambaton mai bincike shi ne tasirinsa? Misalin Graham Serjeant na sikila

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatun digiri na biyu ne a fannin cututtukan jini, aikina a kan sikila yake, to duk takardar da na ɗauko sai na ci karo da sunan Graham Serjeant a ciki. Malamina ya ce in duba yawan ambatonsa, wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da takardunsa, a Google Scholar (shafin neman takardun bincike) da abin nan h-index in rubuta wani abu a kan tasirinsa. Don Allah masu sani, lambar nan kaɗai ta isa a ce mutum ya yi tasiri? Kuma me ya yi ne takamaimai da kowa ke kafa hujja da shi?

Malam_Laburare:
Wa alaikumus salam Malama. Shi h-index wani masanin fiziks ne Jorge Hirsch ya kawo shi a 2005, ma'anarsa idan an ce naka 40 ne to kana da takardu 40 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 40. Amma ki kula, lambar Google Scholar kusan kullum ta fi ta Scopus da Web of Science (su ma rumbunan ƙirga ambato ne) yawa saboda shi har kundin ɗalibai da littattafai yake ƙirgawa, don haka duk wadda kika ɗauka ki faɗi inda kika samo da ranar da kika duba tunda canzawa take. Sannan in kina nema ki rubuta Serjeant GR, akwai Serjeant BE, matarsa ce Beryl, tare suka yi aiki da yawa, kar ki cakuɗa su.

Dakta_Jini:
Ƙanwata lambar ki rubuta ta tunda malami ya ce, amma wallahi ba ita ce labarin ba. Mutumin nan ɗan Ingila ne ya tafi Jamaika a 1966 ya zauna, daga 1973 zuwa 1981 shi da mutanensa suka gwada jinin jarirai 100,000 a jere a asibitin Victoria Jubilee da ke Kingston, suka samu sama da 300 masu SS suka ci gaba da bibiyarsu shekara da shekaru har suka girma. Kafin nan abin da likitoci suka sani na sikila daga waɗanda ciwo ya kwantar a asibiti ne kawai, ba wanda ya bi yaro tun ranar haihuwa ya ga me ke kashe shi kuma a wane shekaru. Shi ya sa kowa ke ambatonsa, in za ka yi maganar yadda cutar ke tafiya dole ka koma can.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar saifa. Sun gano jini na taruwa a saifar ƙananan yara farat ɗaya yaro ya yi fari fat ya tafi cikin sa'o'i, sai suka koya wa iyaye mata su riƙa taɓa cikin yaro su ji ko saifa ta kumbura su ruga asibiti, mace-macen ya ragu sosai. Yau nas a kilinik tana koya wa uwa wannan, ba ta san sunansa ba kuma ba za ta taɓa rubuta takarda ta ambace shi ba, to a ina Scopus zai ƙirga wannan? Haka ba yara masu sikila penisilin a matsayin rigakafi, a Jamaika an gwada shi aka wallafa a 1984, sannan Marilyn Gaston a Amurka ta fito da nata a 1986 da ya nuna raguwar kashi 84 cikin 100 na mummunar cutar da ƙwayar nimoniya ke jawowa.

Sista_Binta:
Dakta ka faɗi gaskiya. Ni abin da nake so a lura, sabon aiki bai isa ya tara ambato kamar na shekara 40 ba ko da kuwa yana ceton rai. Ga binciken da aka yi a Kano da Kaduna, har da asibitin Malam Aminu Kano, tare da jami'ar Vanderbilt, kan ba yara masu sikila da ke cikin haɗari maganin haɗiya na haidroksiyuriya don kare su daga shanyewar ɓarin jiki, a 2022 ya fito. A Amurka ƙarin jini ake yi wa irin yaran nan duk wata tun binciken 1998, mu kuwa ina jinin ina kuɗin? Maganin haɗiya shi ne abin da iyayenmu za su iya.

Ummu_Hanan:
Allah ya saka da alheri, na samu hanya. Zan sa lambobin daga Scopus da kwanan wata, sannan in bi ƙa'idojin kula da masu sikila in ga waɗanne ne suka dogara da aikin Jamaika. Dakta don Allah takardar saifar nan wace shekara ce, in nemo ta?

Dakta_Jini:
1985 ce, sunan farko a jerin marubutan Emond, na Serjeant na ƙarshe. Ki nema a PubMed, rumbun takardun likitanci, za ki gan ta.