Tambaya a kan tsohon cocin ƙauyen Escomb

Mai Neman Sani:
Barkanku da warhaka, 'yan uwa. Na ga hoton wani ɗan ƙaramin coci na dutse a ƙauyen Escomb, kusa da garin Bishop Auckland a arewacin Ingila, wanda aka ce tun wajen shekarar 675 aka gina shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ya shekara fiye da 1,300 a tsaye, alhali yawancin majami'un zamaninsa sun rushe ko an sake musu fasali.

Tsohon Magini:
Malam, ka fara duban duwatsun. Da yawansu an kwaso su ne daga Binchester, tsohon sansanin sojojin Rumawa da ke kusa, kuma tun can an sassaƙe su da kyau. A bangon arewa akwai dutse mai rubutun LEG VI, wato runduna ta shida, an ɗora shi kai a ƙasa, alamar maginan ba rubutun ya dame su ba. Masana da dama na ganin bakan gizon da ke gaban bagadi ma ɗungurungum aka ɗauko shi daga ginin Rumawa. Ginin dogo ne siriri, tagoginsa na asali ƙanana ne, suna can sama, sun fi faɗi ta ciki domin haske ya bazu, don haka ba su raunana bangon ba.

Malama Mai Tarihi:
Ban musa ingancin dutsen ba, amma a ganina ƙanƙantar ƙauyen ce ta cece shi. Inda akwai kuɗi da jama'a, nan ake rushe tsohon gini a faɗaɗa shi. A Escomb ɗan ƙari kawai aka yi, kamar shirayin ƙofar kudu da wasu manyan tagogi. Da ma'adinan kwal suka jawo jama'a, sai aka gina sabon coci a 1863, aka bar tsohon har rufinsa ya lalace. An gyara shi tsakanin 1875 da 1880, daga baya ibada ta koma tsohon, aka rushe sabon a 1971.

Mai Neman Sani:
Na gode, Malama. Wannan da'irar da ke jikin bangon kudu fa, ado ce?

Malama Mai Tarihi:
Agogon rana ne, inuwa ke nuna wa masu ibada lokutan addu'a, kuma yana cikin mafiya tsufa a Ingila da har yanzu suke inda aka kafa su.